Hasashe ko gargaɗi? Tsokaci kan kalmomin wani bincike game da na'urar hango gazawar zagayawar jini

Taƙaitawa

Wannan takarda tsokaci ce kan binciken da Stephanie Hyland da abokan aikinta suka fitar a mujallar Nature Medicine a 2020, inda suka gabatar da manhajar circEWS mai faɗakar da likita cewa zagayawar jinin majinyaci na gab da gazawa. Ba lissafin marubutan muke ƙalubalanta ba. Kalmomi uku muke bi, watau gazawa da hasashe da gargaɗi, don mu nuna cewa an auna na'urar a matsayin mai hasashe alhali aikin da ake so ta yi na mai gargaɗi ne, kuma ma'aunin waɗannan ayyuka biyu ba ɗaya ba ne. A ƙarshe mun ba masu fassara shawara.

0. Gabatarwa

Ba kasafai mai nazarin harshe ke ɗauko rubutun likitoci ya feɗe shi ba. Dalili biyu suka kai mu ga haka. Na farko, labaran kimiyya irin wannan suna isowa ga mai jin Hausa ta hannun mai fassara, a rediyo ko a wurin horar da ma'aikatan lafiya, kuma mai fassarar da bai gane nauyin kalma a harshen asali ba yakan ƙara mata kaya a harshen da ya kai ta. Na biyu, matsalar da ke gaban na'urar da ake koya wa aiki daga tarin bayanai ba baƙuwa ba ce gare mu: a miƙo maka tarin zance wanda wani ya riga ya yi wa laƙabi, a ce ka fitar da ƙa'ida. Duk wanda ya taɓa rubuta nahawu daga kaset ɗin da ba shi ya ɗauka ba ya san ƙa'idarsa ba za ta fi laƙabin inganci ba.

1. Aikin da muke tsokaci a kai

Binciken haɗin gwiwa ne tsakanin masana lissafi na ETH, babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Zurik, da likitocin sashen reyanimasiyo na asibitin jami'ar Bern, duka a ƙasar Suwis. Reyanimasiyo shi ne sashen da ake kwantar da waɗanda ciwo ya tsananta, inda kowane gado ke da injunan da ke auna bugun zuciya da tansiyo da iskar oksijin ba dare ba rana. Asibitin ya adana waɗannan awo daga 2008 zuwa 2016, wasu daga cikinsu kowane minti 2, tare da sakamakon gwajin jini da magungunan da aka bayar, na kwanciya sama da dubu 30. Idan aka jera kwanakin jinyar kai da kai, sun kai shekara 240.

Hanyar da aka bi ita ce wadda ake kira koyon na'ura. Maimakon a rubuta wa kwamfuta ƙa'ida, sai a ba ta dubban misalai, kowane da amsarsa, a bar ta ta nemo abin da ke raba su. A nan an yi amfani da jerin tambayoyi na i ko a'a masu rassa kamar itace, jeri bayan jeri, kowane yana gyara kuskuren na gabansa. Tambayar da aka sa wa na'urar ita ce: wannan majinyaci da a yanzu ba ya cikin gazawa, zai shiga cikinta nan da awa 8? Tana sake amsawa kowane minti 5.

Ga abin da aka samu a kan bayanan da aka ware don jarrabawa. Na'urar ta hango kashi 90 cikin 100 na gazawar da ta auku, kashi 82 cikin 100 kuwa fiye da awa 2 kafin aukuwarsu. Ma'aunin rarrabewa ya kai 0,94, ma'ana in aka ɗauko lokaci ɗaya da gazawa ta biyo bayansa da wani da ba ta biyo ba, sau 94 cikin 100 na'urar za ta ba na farko maki mafi yawa. Ƙararrawa tana bugawa sau 0,05 ga kowane majinyaci a awa, watau sau ɗaya a awa 20.

Aikin ya cancanci yabo ta fuska uku. An saki bayanan ga sauran masu bincike da sunan HiRID. An sake gwada na'urar a kan bayanan wani asibiti na Boston, waɗanda aka sani da MIMIC-III. Sa'annan marubutan sun kula da kunnen mai sauraro: in ƙararrawa ta buga, sai a yi mata shiru na minti 30 kafin ta sake. Za mu koma ga wannan a sashe na 4.

2. Gazawa: abin da aka sa wa suna

A wurin likita, gazawar zagayawar jini ita ce halin da jini ya kasa kai isasshiyar iskar oksijin ga ƙwayoyin jiki, har ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa su fara lalacewa. Ba a iya ganin wannan kai tsaye, kuma kwamfuta ba ta koyo sai da laƙabi. Saboda haka marubutan suka yanka ma'ana mai ƙidayuwa, wadda za mu taƙaita kamar haka:

(1) Majinyaci yana cikin gazawa idan (a) sinadarin laktat na jininsa ya haura milimol 2 a lita, kuma (b) ko dai matsakaicin tansiyonsa ya sauka zuwa 65 ko ƙasa, ko kuma ana ba shi maganin matse jijiyoyi ko na ƙarfafa bugun zuciya.

Laktat yakan taru a jini idan ƙwayoyin jiki suna ƙona sukari ba tare da isasshiyar iska ba, ko da yake ciwon hanta da wasu magunguna su ma suna ɗaga shi. Matsakaicin tansiyo kuwa shi ne lambar ƙasa a haɗa da sulusin tazarar da ke tsakaninta da ta sama. Mai tansiyo 12/8, bisa ƙidayar da muka saba ji a asibiti, matsakaicinsa wajen 93 ne a ma'aunin milimita na zaiba. Mai 9/5 yana wajen 63.

2.1. Iyakar 65

Lambar 65 yarjejeniya ce, ba katanga ce da ke cikin jikin ɗan Adam ba. A 2014 wani gwaji da aka yi a Faransa kan majinyata 776 ya kwatanta riƙe tansiyo tsakanin 65 da 70 da riƙe shi tsakanin 80 da 85, bai sami bambanci a yawan mutuwa ba. A 2020 wani gwaji a Birtaniya kan masu shekara 65 zuwa sama ya bar wasu tsakanin 60 da 65: kashi 41,0 cikin 100 suka mutu cikin kwana 90, a kan 43,8 na waɗanda aka yi wa jinya yadda aka saba, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Iyakar tana kama da layin da muke ja a taswira tsakanin karin harshe biyu. Yana da amfani, amma mutumin ƙauyen da layin ya ratsa ba ya jin ya tsallake komai. Wannan ba laifin marubutan ba ne, domin dole a yanka wani wuri. Abin lura shi ne na'urar tsallake layi take hangowa, kuma tsallake layi da lalacewar ƙoda abubuwa biyu ne.

2.2. Hannun likita a cikin ma'anar

Matsala mafi girma tana cikin kashi na biyu na (b). A duba waɗannan jimloli:

(2) Tansiyonsa ya sauka.
(3) An ɗaura masa noradirenalin.

A (2) abu ne ya sami jiki. A (3) akwai mai aikatawa da ba a ambata ba, kuma Hausa ba ta ɓoye shi sarai, domin wakilin suna "an" ba ya tsayawa sai a madadin mutum: ba ma cewa "an karya reshe" muna nufin iska. Ma'anar da ke (1) ta haɗa (2) da (3) cikin buhu ɗaya, ta sa wa buhun suna mai siffar (2), watau gazawa, kamar dukansu labarin jiki ne.

Marubutan suna da hujja. Maganin yana ɗaga tansiyo, don haka in ba a ƙidaya shi ba, wanda ya fi kowa ciwo zai fito a lissafi kamar lafiyayye. Amma abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne. A ɗauki majinyata biyu masu hali ɗaya, laktat ya hau, tansiyo yana 68. Likitan na farko mai hanzari ne, ya ɗaura magani. Likitan na biyu ya fara da ƙarin ruwa. Bisa (1), na farko yana cikin gazawa, na biyu ba ya ciki. Jiki ɗaya, laƙabi biyu. Haka nan laktat ba ya samuwa sai wani ya yi umarnin a ɗebi jini, kuma giɓin da ke tsakanin awo biyu da ƙiyasi ake cike shi. Ashe wani kashi na abin da na'urar ta koya shi ne al'adar likitocin Bern: yaushe suke ɗiban jini, yaushe suke miƙa hannu ga magani.

3. Hasashe: abin da aka sani tun da wuri

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage. Kirdado zato ne bisa alama kaɗan. Hange ganin abin da ya riga ya wanzu ne, sai dai yana nesa. Hasashe faɗin abin da bai auku ba ne. Wanda ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce ruwa na tafe, hange ya yi. Wanda ya faɗi tun cikin bazara yadda damina za ta kasance, shi ya yi hasashe. Tambayarmu ita ce wanne cikin biyun na'urar ke yi.

Tarihin wata manhaja ƴar'uwarta ya nuna cewa tambayar ba ta wasa da kalmomi ba ce. A 2018 aka gabatar da HPI a mujallar Anesthesiology, manhajar kamfanin Edwards Lifesciences (sashen da ke ƙera ta ya koma hannun kamfanin BD a 2024). Tana karanta siffar bugun jini daga bututun da aka sa cikin jijiya, ta ba da maki daga 0 zuwa 100, ta yi ƙara in ya haura 85. An ba da rahoton cewa tana hango saukar tansiyo minti 15 kafin ya auku da ma'aunin rarrabewa 0,95. A 2022 masu bincike biyu na ƙasar Danmak, Enevoldsen da Vistisen, suka sake karanta yadda aka zaɓi misalan. Duk misalin da aka yi wa laƙabin "tansiyo bai sauka ba" an ɗauko shi ne daga lokacin da matsakaicin ya haura 75. Saboda haka, a cikin tarin, duk inda aka ga lamba tsakanin 65 da 75, sauka ce ke biye da ita, domin an riga an cire akasin haka.

Ɗalibin nahawu zai gane wannan nan take. A ce an ba mu tarin sunayen Hausa don mu fitar da ƙa'idar jinsi, amma kafin a miƙo mana an tsince ruwa da gida da suna da nama da ire-irensu an zubar. Za mu ce duk sunan da ya ƙare da -a tamace ne, mu jarraba ƙa'idar a kan tarin, mu ci maki cikakke. Ranar da muka fita kasuwa muka ce "ruwa ta ƙare" za a yi mana dariya. A 2024 wani bincike a ƙasar Holan ya nuna cewa ƙararrawa mai sauƙi, wadda ke bugawa in matsakaicin tansiyo ya sauka zuwa ɗan sama da 70, tana yin kusan abin da HPI ke yi.

Ba mu ce circEWS ta faɗa wannan rami ba. Marubutanta sun kwatanta ta da tsarin da ke dogara ga iyakoki kawai, kuma ta fi shi ƙarancin ƙarar banza. Sai dai abu biyu suna nan. Na ɗaya, laktat da matsakaicin tansiyo, waɗanda da su aka gina ma'anar gazawa, su ne kuma kan gaba cikin alamun da na'urar ke dogara gare su. Wani kashi na nasarar hange ne na abin da ya riga ya kamo hanya. Na biyu, cikin abubuwan da aka ba ta har da yawan yadda ake auna majinyaci. A 2018 wani bincike na Agniel da Kohane da Weber kan bayanan asibitocin Boston ya gano cewa, cikin nau'in gwajin asibiti 174, a guda 118 lokacin da aka yi umarnin gwajin ya fi sakamakonsa nuna wanda zai rayu. Dalilin a fili yake: ba a tayar da mai lafiya ƙarfe 4 na asuba a ɗebi jininsa. Na'urar da ta koyi wannan alama damuwar likita take karantawa ta mayar masa da ita. In haka ne, awa 2 da aka ce ta riga aukuwar abin ba ta nufin ta riga likitan da awa 2, kuma wannan tazara ta biyu ita ce ke da amfani ga mai kwance.

4. Gargaɗi: maganar da nasararta ke ƙaryata ta

Austin ya rarrabe a 1962 tsakanin zancen da ke ba da labari, wanda ake aunawa da gaskiya ko ƙarya, da zancen da shi kansa aiki ne, wanda ake aunawa da ko ya yi ko bai yi ba. Nahawun Hausa yana taimaka mana a nan, domin tana da hanya biyu ta maganar gaba:

(4) Za ka faɗi.
(5) Kâ faɗi!

Ta (4) ita ce ta lokaci mai zuwa na ɗaya. Ta (5), mai faɗuwar murya, ita ce ta biyu, wadda ba ta ɗaure mai magana da tabbas, kuma a bakin iyaye an fi jin ta wajen jan kunne. Uwa ta ga yaro bisa katanga ta ce masa "kâ faɗi!", yaro ya sauko lafiya. Babu mai cewa ta yi ƙarya. Hasali ma rashin faɗuwar ita ce shaidar cewa maganar ta yi aiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ƙararrawar reyanimasiyo irin (5) ce, amma binciken 2020 ya auna ta da ma'aunin (4): ta ce za a gaza, an gaza ko ba a gaza ba? A kan tsofaffin bayanai babu wata hanya sai wannan, tun da babu likitan da ya ji ƙarar. Amma abu uku suna fita daga nan.

Na farko, tsofaffin bayanan cike suke da gargaɗin da ya riga ya ci nasara. Duk majinyacin da malamar jinya ta lura da shi da wuri aka yi masa ƙarin ruwa ya farfaɗo, laƙabinsa "babu abin da ya faru". Na'urar da ta yi ƙara a kansa za a rubuta mata kuskure, wadda ta koyi yin shiru a ba ta maki. An san irin wannan tun shekarun 1990, lokacin da wata manhajar ƙiyasta haɗarin ciwon huhu a Amurka ta koyi cewa mai asma ya fi sauran tsira, alhali dalilin shi ne irinsu ake gaggauta kaiwa reyanimasiyo.

Na biyu, gargaɗi ba ya cika sai mai sauraro ya ɗauka. HPI ta sake ba da misali. A 2020 wani gwaji a Amstadam kan mutum 68 da ake yi wa fiɗa ya nuna tsawon lokacin saukar tansiyo ya ragu daga kimanin minti 33 zuwa minti 8. A wannan shekara kuma gwajin Cleveland Clinic a Amurka kan mutum 214 bai ga raguwa ba, kuma kusan rabin ƙararrawar ba a bi ta da wani magani ba. Na'ura ɗaya, kunnuwa daban. A 2022 aka ba da rahoton manhajar TREWS, wadda ke faɗakarwa kan shigar ƙwayar cuta cikin jini, babban sanadin gazawar da muke magana a kai. An bi majinyata sama da dubu 590 a asibitoci 5 na Amurka, kuma raguwar mutuwa ta bayyana ne ga waɗanda likita ya amsa ƙararrawarsu cikin awa 3. Ko da yake ba da ƙuri'a aka raba majinyatan ba, abin da aka auna shi ne amsar mai sauraro, kuma nan ne ma'aunin gargaɗi yake.

Na uku, yawan gargaɗi yana kashe shi. A 2021 masu bincike na jami'ar Mishigan suka gwada sigar wancan lokaci ta manhajar kamfanin Epic a kan kwanciya 38 455. Ta yi ƙara a kan kashi 18 cikin 100 na dukan waɗanda aka kwantar, ta tsallake kashi 67 cikin 100 na masu cutar, kuma cikin waɗanda ta yi wa ƙara 12 kawai cikin 100 ke da ita. Malamar jinyar da ta tashi sau takwas ta tarar da gaskiya sau ɗaya, ba da jimawa ba za ta daina tashi. Shi ya sa muke ganin dokar shiru ta minti 30 ita ce wurin da marubutan circEWS suka fi kusantar gane irin maganar da na'urarsu ke yi. Duk da haka a tuna cewa sau ɗaya a awa 20 lissafin gado ɗaya ne. A sashe mai gado 20, ƙara ɗaya ke nan kowace awa, bisa ƙarar sauran injuna.

Akwai kuma sharaɗin da ke cikin (5) wanda ƙararrawa ba ta cika ba. Yaron ya san abin da zai yi: ya sauko. Gazawar zagayawar jini kuwa iri huɗu ce: jini ko ruwan jiki ya zube, zuciya ta kasa turawa, wani abu ya toshe hanya, ko jijiyoyi sun saki, kamar yadda ake gani in ƙwayar cuta ta shiga jini. Ƙarin ruwan da ke ceton mai gudawa yana iya shaƙe wanda zuciyarsa ta gaji. Na'urar tana iya nuna awon da ya ɗaga makinta, amma laƙabin da ta koya guda ne ga duka huɗun. Tana cewa a yi hattara, ba ta cewa da me.

5. Kowane asibiti da karin harshensa

Gwajin da aka sake yi da bayanan Boston ya nuna na'urar ba ta Bern kaɗai ba ce. Amma Bern da Boston makusanta ne: duka suna da bututun jijiya, da injin laktat a kusa, da kwamfutar da ke adana kowane awo. Wanda ya rubuta nahawu daga Kananci ya jarraba shi a Zazzau bai gama jarrabawa ba. Sai ya kai shi Adar, inda ake cewa "ya tahi" kuma "na" da "ta" ke tsayawa a gurbin "ne" da "ce".

Likitanci ya riga ya ɗanɗana wannan. A 2011 gwajin FEAST kan yara 3 141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa ɗura ruwa da sauri, wanda littattafan ƙasashe masu arziki suka koyar, ya ƙara mutuwa: wajen kashi 10,5 cikin 100 a awa 48, a kan 7,3 na waɗanda ba a yi wa ba. A 2017 wani gwaji kan manya a Zambiya ya ba da irin wannan sakamako, 48 a kan 33 cikin 100. Suna ɗaya aka sa wa halin, amma jikin yaron da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suka raunana, a ɗakin da babu injin numfashi, ba shi ne jikin da aka rubuta ƙa'idar dominsa ba. Bugu da ƙari, binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2025 kan asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22 ya tarar da mutum 1 cikin 8 na manyan da ke kwance yana cikin hali mai tsanani, kuma sama da kashi biyu bisa uku na waɗannan suna ɗakunan jinya na kowa da kowa, inda babu awon da irin wannan na'ura za ta karanta.

A irin waɗannan ɗakuna alamun da ake da su na hannu ne: sanyin ƙafa da hannu, raunin bugun jijiya, da lokacin da jini ke ɗauka ya komo in an danna yatsa an saki. Ba abin raini ba ne. A 2019 gwajin ANDROMEDA-SHOCK kan majinyata 424 a Kudancin Amurka ya kwatanta jinyar da ke bin danna yatsa da wadda ke bin laktat: mutuwa ta kasance 34,9 a kan 43,4 cikin 100, ko da yake bambancin ya ɗan gaza iyakar da masu lissafi ke karɓa. Da za a gina na'urar gargaɗi don irin waɗannan wurare, da ma'anar gazawa za a fara sake rubutawa, ba lissafin ba.

6. Kammalawa da shawara ga masu fassara

Binciken 2020 aiki ne mai tsabta wanda ya tabbatar da abu guda: daga awon da asibitin Bern ya adana, ana iya sanin cewa majinyaci zai cika sharuɗɗan (1) ƴan awoyi kafin ya cika su. Bai auna ko likitan da ya ji ƙarar zai yi abin da bai yi niyya ba, bai kuma auna ko wani zai tashi daga gadon da dā ba zai tashi ba. Wannan sai da gwajin da aka raba majinyata da ƙuri'a, wasu da ƙararrawa wasu babu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga wanda zai kai wannan labari cikin Hausa, muna ba da shawara huɗu.

(a) Kada a ce "ƙarancin jini". Wannan suna yana da mai shi, kuma dangin majinyaci da suka ji shi neman mai ba da jini za su tafi.

(b) A raba "saukar tansiyo", kishiyar hawan jini, da "gazawar zagayawar jini". Ana iya samun ta biyu tansiyo bai sauka ba, musamman ga yara, waɗanda tansiyonsu kan tsaya har sai abin ya yi nisa.

(c) A guji "sani" da "duba" da duk kalmar da ke jawo gaibu. "Na'urar gargaɗi" ko "na'urar faɗakarwa" ta fi "na'urar hasashe" faɗin aikin da ake nema gare ta.

(d) In za a fassara abin da ƙarar ke nufi, kada a sa "zai". A ce "yana cikin haɗarin", ko "mai yiwuwa ne". Dangin da aka ce wa "jininsa zai gaza" sun ji hukunci. Malamar jinyar da aka koya wa cewa na'ura tana faɗin abin da zai faru, duk ranar da bai faru ba za ta rage yarda da ita, ko da kuwa hannunta ne ya hana shi faruwa.

Muna fatan abokan aiki na sashen likitanci za su duba waɗannan kalmomi tare da mu, su gaya mana waɗanda suka zauna a bakin ma'aikata da waɗanda suka ƙi.